A lissafa mana abin da zazzaɓin damina ke ci a asusun inshorar lafiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi wa hukumomin inshorar lafiya tambaya, tun daga NHIA ta tarayya har na jihohi irin su KSCHMA ta Kano. Nawa zazzaɓin cizon sauro ke lashewa daga asusunku tsakanin Yuli da Oktoba, kuma yaushe za ku faɗa wa masu zuba kuɗin?

Lissafin ba gagarau ba ne, an taɓa yin irinsa. Daga 2005 zuwa 2006 cutar chikungunya, wadda ita ma sauro ke yaɗawa, ta ɓarke a tsibirin Réunion da ke ƙarƙashin Faransa, ta kama mutum kimanin 266,000, wato kusan ɗaya cikin uku na jama'ar tsibirin. Da ƙura ta lafa, masu bincike suka ɗauko bayanan asusun inshorar ƙasa, suka duba abin da aka saba biya lokacin da babu annoba, suka cire shi daga abin da aka biya a watannin annobar. Abin da ya haura shi ne ɓarnar cutar, kuma ya kusa Yuro miliyan 44. Kimanin miliyan 17 daga ciki asarar kwanakin aiki ce, na ma'aikatan da ciwon gaɓoɓi ya kwantar a gida.

Mu tamu annobar ba ta zuwa ba zato, kowace damina tana nan tafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke. Duk wanda ya leƙa ɗakin yara a asibitin gwamnati cikin watan Satumba ya gani da idonsa: yara biyu a gado ɗaya, ledar ƙarin ruwa a rataye, uba yana safa da marwa a bakin ɗakin gwaji yana neman wanda zai ba ɗansa jini.

Sai dai in za a yi lissafin a nan, a yi shi da gaskiya, domin takardun hukuma kaɗai ba za su nuna cikakken abin da aka kashe ba. A tsarin da ake bi, ana ba asibiti wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mai rajista, ya yi ciwo ko bai yi ba. Idan damina ta kankama marasa lafiya suka ninka, kuɗin ba ya ƙaruwa. Daga nan sai ka ji an ce maganin ya ƙare, a rubuta maka ka je kemis. A littafin hukuma ba a kashe ko kwabo ƙari ba, alhali ma'aikacin da ake cire wa kuɗi daga albashi ya biya sau biyu. Wannan shi ya fi ƙona min rai. Ga kuma manomi da ɗan dako da mai tuƙa adaidaita sahu, waɗanda ba su da takardar hutun jinya, ranar da suka kwanta ranar ba a ɗora tukunya.

Tun da dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, hukumomin nan su fitar da alƙaluman kowace damina, jiha jiha, har da adadin masu rajistar da aka tura sayen magani a waje. Sannan a ajiye su gefe da gefe da kuɗin rabon gidan sauro, da maganin rigakafin da ake bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da yashe magudanan ruwa, 'yan majalisa su duba kafin su amince da kasafin kuɗin baɗi.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Kano