Godiya ga malaman da ke koyar da wasan harbi a Zariya

Assalamu alaikum, malamai. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa muka ga ya kamata mu gode muku a bainar jama'a kan yadda kuke karɓar sababbin ɗalibai. Abin da ya fi burge mu shi ne ba ku barin ɗalibi ya taɓa harsashi sai hannunsa ya saba da ƙa'ida. Kowace bindiga a ɗauke ta tamkar a ɗure take, ko da yanzu aka duba ta. Bakinta kullum yana kallon bangon da ake harbi. Ɗan yatsa a miƙe a gefe, ba ya shiga wurin kunama sai an gama saiti. Kuma mai harbi ya san abin da ke bayan abin da yake nufa.

Darasinku na sauke harsashi daga fistol, wanda jami'i ke nunawa da harsashin bogi, shi ne zuciyar aikin. A fara zare magazin, wato gidan da ake jera harsasai, sannan a ja saman bindigar baya a kafe shi, a leƙa ramin harsashi, a kuma sa yatsa a ji. Dalili kuwa, zare magazin ba ya fitar da ƙwaya ɗayan da ta riga ta hau. Wanda kuma ya juya tsarin, ya ja sama tun magazin na ciki, to ya fitar da ɗaya ne ya ɗora wata, alhali yana ganin bindigarsa wayam. A nan ake yawan jin "wallahi na ɗauka babu komai a ciki", bayan mai afkuwa ta afku.

Kun kyauta da kuke bayyana doka tun ranar farko. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar iska ma, wadda ake wasan da ita, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Garin da ke da Defo na soja, kuma 'yan bindigar Sarki ke sakin bindigar toka a hawan Sallah, yaro kan tashi yana ganin bindiga abin ado ce, don haka wannan bayani ya zo a kan gaɓa.

A fagen harbin kuwa kun bi ma'aunin duniya na fistol ɗin iska: tazarar mita 10, ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5, hannu ɗaya, a tsaye. Da'irar maki goma da ke tsakiyar takardar da ake harbi faɗinta milimita 11.5 ne kacal, kuma kunama ba ta sauka sai da nauyin da ya kai giram 500. Mun ji daɗin yadda kuke nanata cewa ido ya tsaya kan saitin gaba, wato ɗan tsinin da ke saman bakin bindiga, takardar can ta yi dishi-dishi, ba laifi. Sabon shiga yakan ƙi yarda da wannan, amma kaucewar milimita ɗaya tsakanin saitin gaba da na baya takan zama kusan santimita 3 a kan takarda. Idan harbin mai amfani da hannun dama ya taru ƙasa ta hagu, galibi fizgar kunama yake yi maimakon ya matsa ta a hankali, kuma maganinsa atisaye ba ƙwaya har sai bakin bindiga ya daina motsi. Wanda ya ɗaga hannu ya wuce daƙiƙa goma bai saki ba, ku ce ya sauke ya numfasa, hakan daidai ne, domin daga nan hannu rawa kawai yake ƙarawa.

Haka nan zare mai ruwan lemu da ake zurawa a bututun bindiga, alamar babu ƙwaya a ciki, kafin kowa ya je duba takarda, da tabarau na kariya, duk mun gani.

Roƙonmu ɗaya ne. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, domin darma guba ce, kuma yara kan fito su sayi gyaɗa ko rake ba su wanke hannu ba.

Allah ya saka da alheri, ya tsare ku da ɗalibanku.

Naku,
Wasu tsofaffin malaman harbi, Zariya