Sanarwa: fitar ɗaukar tarihin iyayenmu mata

Assalamu alaikum ƴan uwa mata, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar mai zuwa za mu fita ƙauyukan gefen Miriya, mu ɗauki muryoyin tsofaffinmu: waƙoƙin daka da niƙa, tatsuniyoyi, da labarin yunwar 1984 da ake kira El Buhari. Mun kauce wa Lahadi saboda kasuwar Miriya. A haɗu tasha ƙarfe 7 na safe, kowace da jaka ɗaya ta mota da dala ɗari ta goron gaisuwa.

A cika waya da caji, a rage hotuna don a samu wuri. Kafin a kunna, a nemi izinin Inna, a ambaci garin da ranar. A shiga ɗaki, don iska da ƙarar turmi suna cinye murya. Kada a ce mata "wace shekara?", yawancinsu ba da lamba suke lissafi ba, a ce "kin yi aure lokacin?" In ta yi shiru, don Allah a jira ta, sau da yawa zancen mai nauyi bayan shirun yake fitowa.

Laraba bayan la'asar, a ajin yaƙi da jahilci, za mu saurara tare mu rubuta.

Mai zuwa ta sanar kafin Alhamis. Allah ya kai mu lafiya.

Shugabannin rukuni, Damagaram