Wasiƙa: Matuƙan jirginmu ba haka kawai suke ajiye aiki ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina maka fatan alheri kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ɗan fili nake roƙo a jaridar nan tamu in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato rigimar da kullum ake yi tsakanin matuƙan jirgin sama da kamfanonin da suke wa aiki.

Abin da ya sa na kasa yin shiru, kwanan baya muna zaune a majalisarmu ta wajen mai shayi a nan Palladan sai wani bawan Allah ya zo ransa a ɓace, an soke masa jirgin Kano zuwa Legas har ya rasa wata harka da ya daɗe yana bi, yana ta faɗa wai a filin jirgin an ce musu babu matuƙin da zai ja jirgin, wai su waɗannan mutanen ba su da godiyar Allah, suna kwasar miliyoyi duk wata amma kullum cikin yajin aiki ko guduwa ƙasar waje. Kusan kowa a wurin ya goya masa baya. Na tausaya masa wallahi, don asara ba daɗi, amma maganar ta tsaya min a wuya saboda ni a gidanmu na ga yadda abin yake.

Duk wanda ya tashi a wannan yankin na Zariya da ƙarar ƙananan jiragen Abiyeshan, wato kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ya girma. Kwalejin nan tun 1964 take, kuma da yawa daga manyan kyaftin na ƙasar nan a sararin samaniyar Samaru da Hanwa da Basawa suka koyi tashi da sauka. Muna yara mukan tsaya bakin waya muna kallo har sai an zo an kore mu. Ni abin ya tsaya min a kallo, ƙanena da yake bi min shi ya ɗauke shi da gaske. Lokacin da ya samu gurbi, mahaifinmu Allah ya jiƙansa gonar da ya gada ya sayar, Hajiyarmu ta haɗa da 'yan kunnenta na gwal da ta ajiye don Makka, ni ma na kawo ɗan abin da nake da shi na shago. Babu wanda ya yi ƙorafi a gidan, gani muke da ya gama shikenan kakarmu ta yanke saƙa.

Ya gama ɗin, ya karɓi lasisi, sai zaman gida ya biyo baya, shekara kusan uku. Mutane ba su san wannan ba. Yaro yana fitowa da awa wajen 200 na tuƙi a littafinsa, duk kamfanin da ya je sai a ce masa ba shi da isassun awoyi, toh a ina zai samo awoyin in ba a ɗauke shi ba? Sannan lasisin kaɗai ba ya ba ka damar hawa babban jirgi, kowane nau'in jirgi da kwas ɗinsa daban, na Boeing 737 daban na Embraer daban, kuma kuɗin kwas ɗin da dala ake biya. Ga gwajin lafiya da ake sabuntawa, ga lasisin shi ma in ka bar shi ya kwanta sai ka sake kashe kuɗi kafin ya tashi. 'Yan Kano sun san labarin nan sarai, matasa 100 gwamnatin Kwankwaso ta tura Jodan koyon tuƙin jirgi, an yi murna sun dawo da lasisi, amma da yawansu sun jima suna zaune saboda wannan matsalar ta kwas ɗin nau'in jirgi.

Da aka zo aka ɗauki ƙanena a wani kamfani, ba zan faɗi suna ba, sai suka ce za su biya masa kuɗin kwas amma ya sa hannu a takarda cewa zai yi musu aiki na shekaru kaza, in ya tafi kafin nan zai biya su kuɗinsu da dala. Wanda ya shekara uku yana zaune ai ba ya tsayawa karanta ƙananan rubutu, hannu kawai ya sa. Shekarar farko lafiya lau. Daga nan albashi ya fara zuwa ranar 10 ga wata, ya koma 20, ya koma sai wata ya haɗu da wata, alawus ɗin awoyin tashi kuma aka ce a yi haƙuri ana lissafi. Mutum yana zaune a Legas yana biyan haya, ga mata da yaro, ga mu nan gida kowa ido a kansa don ai ɗan'uwanmu matuƙin jirgi ne, duk wani biki ko rashin lafiya a dangi shi ake fara kira. Ya sha aiko wa Hajiya kuɗi alhali rance ya ci wajen abokin aiki, sai daga baya na sani.

Amma ba ma kuɗin ne ya fi tayar min da hankali ba. Wata rana ya zo gida hutun kwana biyu, ya shiga ɗakin zaure bayan la'asar ya kwanta, sai da aka tashe shi sallar magariba da ƙyar ya koma, bai sake motsi ba sai asuba. Da safe muna shan koko na ce masa Malam lafiya kuwa? Sai ya ce Yaya, sati uku kenan kullum ƙarfe huɗu na dare nake tashi, a yi sawu huɗu wani lokacin biyar, a zauna jiran mai ko jiran hazo ya washe na awoyi, a dawo gida cikin cunkoson Legas, kuma tunda mutane sun ajiye aiki mu da muka rage mu ke ɗaukar nasu. Ya ba ni labarin wani kyaftin dattijo da suka yi aiki tare, wanda ya ƙi tashi wata rana saboda akwai abin da bai gamsu da shi ba a jikin jirgin, fasinja na ta zagi a ƙasa, waya na ta shigowa daga ofis, shi dai ya ce sai injiniya ya sake dubawa. An duba, an gyara, an tashi a makare. Babu wanda ya ce masa komai a rubuce, amma wata mai zuwa sai ya ga sunansa ya ragu a jadawalin aiki, kuma ragin awoyi ragin kuɗi ne.

Malam Edita, nan ne inda abin ya shafe ni da kai da wanda bai taɓa taka filin jirgi ba amma uwarsa za ta tafi aikin Hajji. Doka ta ba kyaftin ikon ya ce ba zan tashi ba, ko mai kamfanin ne da kansa a cikin jirgin. Wannan kalmar tasa ita ce katangar ƙarshe tsakanin fasinja da hatsari. Toh mutumin da yake bin albashin wata uku, mai gidan haya na masa sintiri, ga takardar bashin dala a wuyansa, ga matasa da yawa a waje riƙe da lasisi suna jiran kujerarsa, da wane ƙarfin zuciya zai faɗe ta? Wasu za su faɗa, don akwai masu tsoron Allah da sanin darajar aikinsu, kuma ina kyautata zaton su suka fi yawa. Amma bai kamata a jingina rayukan mutum ɗari da wani abu a kan jarumtar mutum ɗaya da aka matse ta ko'ina ba.

Ko a Amurka sai da suka ga gawa suka farka. A watan Fabrairun 2009 jirgin kamfanin Colgan ya faɗi kusa da garin Buffalo, mutum 50 suka mutu. Bincike ya ɗora laifin a kan kuskuren tuƙi, amma a wajen binciken ne duniya ta ji cewa mataimakiyar kyaftin ɗin albashinta na shekara wajen dala dubu 16 ne kawai, kuma daga can ɗaya gefen ƙasar ta kwana tana tafiya kafin ta zo ta kama aiki. Bayan nan suka canza doka, suka tsaurara maganar hutu, suka ce sai mai awa 1,500 zai zauna a kujerar mataimaki a jiragen fasinja.

Mu a nan abin da muka gani a 2020 bai kamata a manta ba. Cikin watan Agusta na shekarar korona Air Peace ta sallami matuƙa kimanin 70, kamfanin ya ce halin da annobar ta jefa shi ne, kuma hakan ya zo ne bayan taƙaddama kan albashi. A cikin satin dai kamfanin jirage masu saukar ungulu na Bristow ya sallami matuƙa da injiniyoyi wajen 100 ana tsakiyar yajin aikin ƙungiyarsu ta NAAPE, kuma cikin kukan ƙungiyar har da bambancin da ake yi tsakanin ɗan ƙasa da baƙo. Wannan bambancin yana ci wa yaranmu rai ƙwarai. Kujera ɗaya, jirgi ɗaya, sararin sama ɗaya, wani a biya shi da dala a ba shi masauki da tikitin zuwa ganin iyalinsa, wani a biya shi da naira. Daga 2023 zuwa 2024 dala ta tashi daga naira ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500, kowa ya yi lissafin abin da ya rage a albashin wanda ake biya da naira. Kafin nan ma a ƙarshen 2016 ma'aikatan Arik sun tsayar da jiragen kamfanin cak saboda bashin albashi na watanni, bai fi wata biyu ba AMCON, hukumar gwamnati mai karɓo basussuka, ta karɓe shi a Fabrairun 2017. Tsofaffin ma'aikatan Nigeria Airways kuwa, da aka rufe a 2003, sai 2018 gwamnatin Buhari ta amince a fitar da naira biliyan 22 da ɗoriya a rage musu haƙƙinsu, shekara 15, da yawa sun riga mu gidan gaskiya ba su ga kuɗin ba. Yaron da ya ga yadda aka yi da iyayen gidansa, in aka yi masa tayi daga Doha ko Dubai ko Adis Ababa me ake so ya yi?

Ban ce masu kamfanoni suna kwance a kan kuɗi ba, tsakani da Allah su ma suna ji a jikinsu. Tikiti da naira suke sayarwa amma kayan gyara da inshora da hayar jirgi da babban gyaran da ake kai jirgi waje duk dala ne. A 2022 sai da ƙungiyar masu jiragen ta yi barazanar tsayar da aiki gaba ɗaya saboda man jirgi ya tashi daga naira 190 lita ya kai 700. Mu 'yan Arewa mun ga yadda Chanchangi da IRS da Kabo suka yi tashe, yau ina suke? Sana'a ce mai cinye mai ita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duk lokacin da aka shiga matsi, mai sayar da mai ba ya haƙuri, banki ba ya haƙuri, hukumomin filin jirgi ba sa haƙuri, sai albashin matuƙi da injiniya da yaran da ke hidimar fasinja ne kaɗai ake ganin zai iya jira.

Roƙona ga hukumar NCAA mai sa ido kan kamfanonin jirgin sama da ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo, a ɗauki jinkirin albashi a kamfanin jirgi kamar yadda ake ɗaukar tsagewar taya ko yoyon mai, kamfanin da ya kasa biyan mutanensa wata biyu a je a buɗe littattafansa tun kafin ta ɓaci, don wanda ya kasa biyan albashi akwai alamar tambaya a kan sauran abubuwan da yake kashe wa kuɗi. A kuma duba wannan takardar ɗaurin da ake sa yara sa wa hannu, in kamfani ya karya nasa alkawarin na biyan albashi bai dace nasu ya ci gaba da ɗaure su ba. Gwamnonin Arewa da ke son tura yara koyon tuƙi kuma, don Allah in za a yi a kai shi ƙarshe har kwas ɗin nau'in jirgi, kuma ga kwaleji nan a Zariya a ƙofar gida. Su ma matuƙan ina da magana da su, in za a tafi yajin aiki ko ajiye aiki a bi ƙa'ida a ba da sanarwa, kar a wayi gari a bar mai jinya ko mai jarrabawa a filin jirgi, shi bai ci muku komai ba.

Ƙanena dai a ƙarshe ya rubuta takardar ajiye aiki, muka sake haɗa kuɗi a gida aka biya ragowar bashin kwas ɗin duk da shi ma yana bin su, yanzu yana wata ƙasa a yankin Larabawa. Albashinsa na zuwa kan lokaci, ranar hutunsa ranar hutu ce, ya yi ƙiba har Hajiya ta ce ba ta gane shi ba a waya. Amma sau ɗaya yake zuwa a shekara, 'ya'yansa Hausarsu duk ta karye, kuma duk ranar da ƙaramin jirgin Abiyeshan ya wuce ta saman gidanmu sai Hajiya ta ɗaga kai ta ce Allah ya dawo min da nawa. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, gonar mahaifinmu ce ta horar da shi, wasu ke cin moriya.

Yanzu haka akwai yaron maƙwabcinmu da ya samu gurbi a kwalejin, uban ya zo har shago yana neman shawarata ko ya sayar da filinsa na Hayin Dogo, na ce masa ya ba ni kwana biyu in yi tunani, yau kwana tara ban koma masa ba. Malam Edita don Allah ka turo wakilinka Palladan ya zauna da ɗaliban nan da waɗanda suka gama suna zaune a gida, ya kuma nemi matuƙan da suka tafi a ji daga bakinsu, zan raka shi da kaina in ya zo.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
daga Palladan, Zariya