Malam, ba yashi ne ya kayar da yaron ba

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaishe ka da masu sauraron wannan shiri. Ni magidanci ne, shekarata 36, ina sayar da yadi a Kantin Kwari. Shekara uku ke nan da likita ya ce jinina ya fara hawa, in nemi motsa jiki, sai na sayi keken tsere na hannu. Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba.

Duk Lahadi bayan sallar asuba, kafin 'yan adaidaita sahu su cika titi, mukan haɗu mu kusan ashirin a Bompai, wajen masana'antu, inda hanya take fayau ranar hutu. Tseren da muke yi sunansa kiriteriyom, mu dai "kirit" muke cewa. Ba irin babban tseren Faransa ba ne da ake shafe mako uku ana ratsa garuruwa da duwatsu. Zagaye ne gajere mai kusurwa huɗu, namu bai kai kilomita biyu ba, a yi ta kewaya shi minti 40, sannan a kaɗa ƙararrawa a zagayen ƙarshe. Sirrin abin shi ne iska. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar feda, shi ya sa muke tafiya a dunƙule, tsakanin taya da taya bai wuce taƙi ɗaya ba. Saboda haka abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne: ka kama birkinka kafin kwana, ba a cikinta ba, kuma kada ka bar layinka. Ran na bayanka a hannunka yake.

Akwai wani yaro ɗan shekara 19, yaron bakanike ne, Yaya yake ce mini. Ba shi da zance sai na Biniam Girmay, ɗan Eritiriyan nan da ya ci koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a tseren Faransa na 2024. Shekara biyu ya yi yana zubin adashi yana haɗa kekensa, yau sarƙa, gobe giya. Kullum bayana yake bi, wai ni ba na gargada.

Mako uku da suka wuce, an kaɗa ƙararrawa, na shiga kwana ta uku da gudun da ya fi ƙarfina. Gabana ya faɗi, na damƙe birki a tsakiyarta. Tayar yaron ta gaba ta taɓa tawa ta baya, kuma duk mai hawa ya sani, wanda tasa ta gaba ta taɓa shi ke shan ƙasa. Na ji ƙarar faɗuwarsa, Malam, amma ban tsaya ba sai da na tsallake layi. Na huɗu na zo, ko kofin shayi ba a ba na huɗu.

Ƙashin da ke tsakanin wuyansa da kafaɗarsa ya karye, tayar gaba ta lanƙwashe, ƙarfen da ke riƙe ta ya tsage. Allah ya taimaka yana da hular kwano. Muka kai shi asibitin ƙashi na Dala. A can kowa ya ce ai yashin da iskar hunturu ta tara a kwanar ne ya kwashe shi. Yashin kam akwai shi. Na yi shiru.

Al'adarmu ita ce duk wanda ya shiga tsere ya yarda da abin da ya same shi, ba a biyan kowa. An dai yi karo-karo, na ba da fiye da na kowa, sai ga shi ana ta yaba mini, ana cewa Alhaji akwai zumunci. Wannan yabon ne yake hana ni barci. Mahaifinsa ya riƙe hannuna ya ce ƙaddara ce, har da sa mini albarka. Yaron kuwa ba zai iya ɗaga sifana ba sai nan da makonni, kuma da ɗan abin da yake samu a gareji ake cefane a gidansu.

Maiɗakina ta ce in bar kaza cikin gashinta, tunda Allah ya rufa asiri kada in tona da hannuna. Ni kuma na san in na faɗa wa abokan hawa, babu mai sake yarda ya bi bayana, kuma a wannan tseren wanda ba a yarda da shi ba ya gama yawo.

Malam, shin waccan al'adar tamu ta ɗauke mini haƙƙinsa a wajen Allah, alhali ni na karya ƙa'idar da ya dogara da ita? In biyan ya wajaba, iya gyaran keken ne ko har da kwanakin aikin da ya rasa? Zan iya ba shi kekena a matsayin kyauta in yi shiru, ko dole sai na faɗi gaskiya na nemi yafiya? In kuwa faɗar ce, wa zan fara tunkara, shi ko mahaifinsa?

Shekaranjiya ya turo mini saƙo ta WhatsApp, wai Yaya a ajiye masa gurbinsa a bayana, yana warkewa zai dawo. Har yanzu ban ba shi amsa ba.

Wassalam.
Mai sauraronka daga Hotoro, Kano