Saura kwana 16 bizata ta ƙare, ya ce in koma ko ya bar igamarmu ta mutu

Assalamu alaikum Hajiya, ina gaishe ki da duk ma'aikatan shirin nan. Don Allah a sakaya sunana, a ce wata baiwar Allah ce daga Mabera a cikin garin Sakkwato.

Hajiya daren jiya ban runtsa ba. Bayan sallar isha'i maigidana ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp, minti huɗu cur, ko sallama babu. Wai saura kwana 16 bizarmu ta fita da dawowa Saudiyya ta ƙare, in ban hau jirgi da yara kafin nan ba, ba zai ƙara kashe ko riyal ɗaya a kanmu ba, zai bar igamarmu, wato takardar izinin zamanmu a can, ta mutu kowa ya huta. Kowa ya huta fa, Hajiya. Ni ce na zame masa kaya bayan shekara takwas da aure.

Bari in koma baya. Shi likita ne, a nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gama. A 2021 ya samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Saudiyya, a 2022 ya ɗauke mu ni da babban ɗanmu. Ranar tafiya gidanmu kamar ana biki, ƙawayena har matar Makka suke kirana. Har yau akwai masu ce mini in sa su a addu'a in na je Harami, sun ɗauka ina leƙa taga ina hango Ka'aba. Alhali mu a Tabuk muke, can arewa wajen iyakar Jodan. Zuwa Madina kaɗai wuni ne a mota. Duk zaman da na yi, Umara biyu na samu.

Gidan da muke bene ne, hawa na uku, tagogi a rufe kullum. Ya fita tun safe, in yana da aikin dare kuma sai washegari. Ba sallamar maƙwabta, ba almajiri, ba mai tallan fura. Satin farko na soya masa na zuba a kwano na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Matar ta buɗe kaɗan, sarƙar ƙofar ma ba ta cire ba, ta karɓa ta ce shukran ta mayar ta rufe. Da safe na tarar da kwanon a bakin ƙofata an wanke shi tas. Iyakar maƙwabtakarmu ke nan. Ban ce muguwa ba ce, wataƙila ita ma baƙuwar ce kamar ni. Larabcin Islamiyya da nake taƙama da shi kuwa, a kanti in na yi sai su tsaya suna kallona, in sun amsa da nasu ni ma in tsaya ina kallonsu.

Abin da ba zan manta ba haihuwar ta biyu. Cikin hunturu na haihu, sanyin Tabuk kuwa ya shafe na harmatan ɗinmu, kan duwatsun yankin har ƙanƙara ke sauka. Ba Inna, ba gwaggo, ba mai dafa mini ruwan wankan jego. Ni da kaina na dama kunun kanwa kwana huɗu da haihuwa, da ɗinki a jikina, da 'yar kanwar da na ƙunso a akwati daga tsohuwar kasuwa. Ranar suna mu huɗu ne a falo, sai wayar da aka jingina da filo 'yan uwa suna kallonmu daga nan. Na nemi ya kawo Inna ko na wata ɗaya, ya ce kuɗi.

Kullum maganar ke nan, kuɗi. Can duk baƙon da ke aiki a kamfani ya ajiye iyali, gwamnati na karɓar riyal 400 a kan kowane mutum duk wata. Ni da yara biyu riyal 1,200 ke nan, a shekara 14,400, ban da hayar gida, ban da makarantar yaro, don makarantun da ake koyarwa da Turanci na kuɗi ne. Ban musa ba, nauyi ne. Amma sai ya riƙa lissafa mini shi a kan abinci kamar ni na ƙirƙiro harajin. Me ya sa ba ya lissafa abin da yake turo wa gidansu? Tun da naira ta faɗi a 2023 'yan uwansa suka mayar da shi banki. Ƙanensa ya yi aure da kuɗinmu, ƙanwarsa ta buɗe shago, an fara gini a Arkilla wanda ni ko hotonsa ba a nuna mini ba, a bakin wata na ji. Ni da ke da takardar NCE, na bar koyarwata na bi shi, can kuwa igamar mai zaman miji ba ta ba ni damar in kama aiki haka kawai ba. Ko fitowa daga ƙasar sai ya shiga Absher, manhajar gwamnatin can, a wayarsa ya buga mini biza. Ya san haka, shi ya sa yake ja mini rai da ita.

Na manta ban faɗa miki dalilin zuwana ba. Babana ne ya kwanta, na zo jinya a kan wata biyu. Alhamdulillahi ya samu sauƙi. Gaskiya maigidan ya ƙara mana wa'adi sau biyu, ya biya, yanzu wata na biyar ke nan. Amma ai ba yawo na zauna yi ba. Kuma wata makaranta a unguwarmu ta ɗauke ni aiki wata guda da ya wuce, ban samu natsuwar gaya masa ba tukuna, don na san yadda zai ɗauki maganar.

Ki ga yaron nan Hajiya. Da muka sauka ko gaida kakansa bai iya ba, sai ya laɓe a bayana. Yau shi ne har makarantar allo da 'yan uwansa, ya dawo ƙafa duk ƙura yana ba ni labari da Hausa. Da na ce masa za mu koma wajen Abba, cewa ya yi Abba ya zo nan.

Da safen nan na je gaida Hajiyarsu, ashe ya riga ya kira ta. Ko amsa gaisuwata ba ta gama ba ta ce, "Ke mi kinka rasa can? Wasu na neman tahiya da kuɗɗinsu, ke an kai ki kina gudu. In ba ki so, akwai masu so." Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta tsaya mini a wuya. Ƙanwar tasa tana gefe tana danna waya tana murmushi. Ko dai an riga an yi masa wata maganar ne ni ban sani ba? In mata zai ƙara, ita ba riyal 400 ɗin zai biya mata ba?

Inna ta ce in tattara in koma ɗakina, aljannar mace tana ƙarƙashin ƙafar mijinta. Baba bai san komai ba, ina tsoron hawan jininsa. Ni ba rabuwa nake nema ba, wallahi ina son mijina. Cewa na yi ya bar mu a nan ya riƙa zuwa hutu kamar yadda wasu abokan aikinsa suke yi, har kuɗin ma ya ragu masa, ya ce shi bai yi aure don ya zauna gwauro a ƙasar mutane ba.

To Hajiya, in na ƙi komawa na shiga fushin Allah? Kuma fasfo ɗin yaran suna hannuna, ƙanensa ya aiko a karɓa wai za a duba tikiti, na ce ban gan su ba. Yana da ikon ɗauke mini su ya tafi da su can ni ina nan? Ƙaramar ko yaye ta ban yi ba. Sannan maganar aikin nan, in fara gaya masa da bakina ko in bari sai Baba ya ƙara ƙarfi a zauna gaba ɗaya? Don Allah a karanta wasiƙata a shirin wannan makon, na mako mai zuwa ya yi mini nisa.

Taku,
Maman yara biyu, Mabera, Sakkwato