Likita, ka tambaye ta yadda take tun tana 'yar firamare

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani ciwo da na sha fama da shi. Sunana zan sakaya, domin ina da 'ya'yan da za su yi aure wata rana, ka kuma san yadda mutanenmu ke bin diddigi in an zo neman aure.

Ni mai ɗinki ce a Zariya, shekarata 36. Aurena na fari ya mutu ina da shekara 22. A na biyun da nake ciki, igiya ɗaya ce ta rage, sauran biyun ni na matsa wa maigidana da kuka da rantsuwa har ya tsinka su. Abin da ke faruwa shi ne, in na kira shi sau biyu bai ɗaga ba, kafin ya dawo daga kasuwa na riga na gama yanke hukunci a raina cewa ya gaji da ni, aure zai ƙara, ya bar ni. Sai in haɗa kayana. Da safe shi ne mutumin da ya fi kowa kirki a duniya, da yamma ba ni da maƙiyi kamarsa, kuma duka biyun har zuciyata nake jin su. Haka nake da ƙawaye, haka nake da 'yan uwa. In fushin ya lafa, sai wata irin kunya ta rufe ni, in ji cikina wayam kamar ƙwaryar da aka kwashe. Na sha cutar da jikina don in samu sauƙin abin da ke ci na a ciki, akwai kuma daren da na so in bar duniyar gaba ɗaya, Allah Ya tsare.

A gida an ce iska ce. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, na sha rubutu. Ban raina addu'a ba, har gobe ina yin azkar ɗina safe da yamma, amma abin bai tafi ba. Da aka gaji sai aka koma cewa mugun hali ne kawai, hali kuwa zanen dutse. Wannan karin maganar ta fi kowace bulala yi min ciwo, don ta rufe min ƙofa. A wani asibiti an ce baifola ce, ciwon nan da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa. Shekara uku ina shan magungunan da suka sa ni ƙiba da barci, ina gyangyaɗi a kan keken ɗinki, zuciyar kuma tana nan yadda take.

A 2019 na haɗu da wata likitar ƙwaƙwalwa da ta yi min tambayar da ba a taɓa yi min ba. Ta ce, "Hajiya, in ranki ya ɓaci, kwana nawa yake ɗauka, me kuma ke tayar da shi?" Na ce ai ba ya kwana, awa biyu ne ko uku, kuma kusan kullum wani ne ya yi min abin da na ɗauka juya baya ne. Ta yi min bayani cewa a baifola yanayin yakan zauna kwanaki ko makonni, ba ya jiran sai wani ya ƙi ɗaga waya. Bayan zama uku ta ce abin da ke damuna shi ne wanda likitoci ke kira BPD a taƙaice. Ni da Hausa nakan ce ciwon tangal-tangal ɗin zuciya. Alamominsa 9 ne a littafin likitoci, wanda ke da 5 ya shiga sahu. Ni ina da 7.

Ranar da na ji sunan ciwon, wata ma'aikaciya ta faɗa a gabana, tana zaton ba na ji, cewa irinmu ba ma warkewa, neman a kula mu kawai muke yi. Saboda wannan maganar nake son masu karatu su san abin da bincike ya nuna. A asibitin McLean da ke kusa da Boston a Amurka, Mary Zanarini da abokan aikinta sun bi masu wannan ciwo su 290 tsawon shekara 10. Kashi 93 cikin 100 sun samu aƙalla shekara biyu a jere alamomin sun ja baya har ba su cika sharaɗin ciwon ba. Sai dai kusan rabi ne kacal suka kai ga cikakkiyar farfaɗowa, wato ga sauƙin alamomi, ga aiki ko karatu da mutum ya riƙe, ga zaman lafiya da mutane. Wannan rata da ke tsakanin 93 da 50 ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, zan dawo kanta.

Babu ƙwayar da aka yi musamman don wannan ciwo. Maganinsa koyo ne. Wata Ba'amurkiya masaniyar halayyar ɗan Adam, Marsha Linehan, ita ta tsara hanyar koyar da dabarun sarrafa zuciya da ake kira DBT, kuma a 2011 ta fito ta faɗa wa duniya cewa ita kanta an kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa a 1961 tana da shekara 17, ta yi wata 26 a can. Da aka ba ni labarinta na yi kuka, domin ban taɓa jin wadda ta shiga ramin nan ta fito har ta miƙo wa wasu igiya ba. Cikakken tsarin nata yakan ɗauki kimanin shekara guda, da zama da ƙwararre da zaman rukuni kowane mako. Ni ban samu haka ba. Abin da na samu shi ne wani masanin halayya da nake gani sau biyu a wata, in akwai kuɗin mota, yana koya min dabarun ɗaya bayan ɗaya.

Ya sa na sayi littafi mai bango ja ina rubuta abin da ya tayar min da hankali, da abin da na ji, da abin da na aikata. Ya koya min in fushi ya taso in tsoma fuskata cikin ruwan sanyi in riƙe numfashi kaɗan, domin hakan na rage bugun zuciya. Na ce masa ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ya ce to mu haɗa su. Muka kafa doka: in raina ya ɓaci bayan azahar, ba na aika saƙo, ba na kiran kowa, ba na taɓa akwati, sai na yi alwala da ruwan randa na sallaci la'asar. Sau da yawa kafin la'asar maigidan ya kira ya ce caji ne ya ƙare masa. Na karya dokar ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Amma cikin shekara biyu yaji ya tsaya, na daina cutar da jikina.

Sai dai wani abu ya ƙi motsi. Tukunya na ƙonewa ina tsakar gida. Tef ɗin awo sai in saya uku a wata. Ɗinkin Sallah in karɓi na mutum ashirin, in fara wannan in ajiye in ɗauki wancan, daren Sallah ya same ni da atamfofi a yanke ba ko ɗaya da aka gama. Na taɓa yanka leshin wata amarya da awon wata, na biya kuɗin da ya fi ribar wata biyu. Kowane irin wannan kuskure yakan dawo da tsohuwar muryar nan da ke ce min ba ni da amfani, daga nan kuma sai zuciya ta fara tangal-tangal.

A 2022 makarantar su babban ɗana ta kira ni. Yana da shekara 9, ba ya zama a kujera, ba ya gama aiki, kullum ya ɓatar da fensir. Muka kai shi asibiti tare da Inna, mahaifiyata. Likita na jero tambayoyi, sai Inna ta ce, "Ai likita haka uwarsa take. In na aike ta sayen daddawa, sai ta dawo ba daddawa ba kuɗi, ta tsaya kallon 'yan gaɗa." Likitan ya ajiye biro ya dube ni. Aka sa mana rana ni da Inna, aka yi mata tambayoyi a kan ƙuruciyata, domin sharaɗin larurar ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, shi ne alamomin su bayyana kafin shekara 12. Inna ta tuna komai: hadda ina riga kowa ɗauka a Islamiyya amma ba na iya zama, malaman firamare suna rubuta cewa ba na mai da hankali, sunayen da ake kira na da su, shashasha, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi. Ashe da ita aka haife ni.

Larurorin biyu suna kama da juna, shi ya sa ɗaya ke ɓoye ɗaya. Duka suna da gaggawar aikata abu kafin tunani, duka suna da saurin hawa. Bambancin shi ne ADHD tana nan tun yarinta, tana nan ko kana tare da masoyi ko kai kaɗai, ita kuwa BPD takan fito ne wajen balaga, kuma wutarta daga mu'amala take kamawa, daga tsoron a guje ka. Linehan ta yi bayanin cewa ciwon yakan tsiro ne in yaro mai saurin jin abu a rai ya tashi a inda kullum ake ƙaryata abin da yake ji. Ka auna yarinyar da ake duka kowace rana a kan mantuwar da ba da gangan take yi ba, in ta yi kuka a ce munafunci ne. Shekara goma a haka, me za ta ɗauki kanta? Ba na ɗora wa Inna laifi, da abin da ta sani ta yi tarbiyya, ranar ma ta fi ni kuka.

Haka abin yake ga otizim, wanda wasu ke kira galahanga. 'Ya'ya mata sun iya ɓoye shi ta hanyar kwaikwayon 'yan uwansu, sai su girma a gajiye. Matar da hayaniyar gidan biki ko sauyin tsarin yini ke birkita ta har ta fashe da kuka, ana iya yi mata laƙabin BPD alhali tsoron rabuwa ba shi ne damuwarta ba, kuma taimakon da take buƙata daban ne. Ina kyautata zaton cikin waɗanda alamominsu suka lafa amma rayuwa ta ƙi daidaituwa, akwai masu ɗauke da irin wannan larura ta haihuwa da ba wanda ya duba.

Na san likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, na kuma ga layin da ke gabansu. A Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ina roƙon gwamnonin Arewa su sa kuɗi a horar da masana halayya da ma'aikatan jinya kan hanyar koyarwa ta DBT, domin asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Dawanau da Kware da Maiduguri ba za su ɗauke mu duka ba. Likitoci kuma, don Allah, in mace ta zo muku da labarin yaji da fushi, ku nemi uwarta ko yayarta ku tambayi yadda take tana 'yar shekara bakwai. Minti goma ne, ni kuwa rashinsu ya ci min shekaru.

Yanzu ina shan maganin ADHD ƙarƙashin kulawar likita. Ɗinki ba na karɓar fiye da biyar a lokaci guda, kowanne da sunan mai shi da awonsa a manne da fil. Na rataye tef a wuya da zare. Sallar da ta wuce na gama kayan kowa saura kwana biyu. Yaron nawa kuwa na roƙi malaminsa ya zaunar da shi a layin gaba, ya riƙa aikensa goge allo in ya ga ya fara mutsu-mutsu, ya kuma yarda. Jiya ya dawo ba fensir, na buɗe durowar keke na miƙa masa wani, don dozin guda na saya na ajiye.

Na gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wata mai ɗinki,
Zariya, Jihar Kaduna.