Auta, ki fitar da kwalbar nan daga sito

Assalamu alaikum Auta. Ya maigidan, ya yara?

Goggonki ta biyo ta nan ranar Juma'a da ta taso daga wajenki a Rijiyar Zaki, tana ta yabon ɗan lambun bayan gidanki, wai kuɓewa har ta fi ƙarfin tukunyarki, zogale ya haura katanga. Na ji daɗi ƙwarai. Tun 2016 da tsutsa ta cinye tumatir, ya gagari talaka a 'Yankaba, nake ce muku ko a buhu ne mace ta shuka abin miyarta.

Sai dai ta faɗi maganar da ta hana ni barci. Ta ce ta ga kwalbar fiya-fiya a sitonki kusa da wake da busasshiyar kuɓewa, kuma da bakinki kika ce kina ɗan yayyafawa saboda ƙwari. Haba Auta! Abin da za ki zuba wa jikokina a baki? Guba ce, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai, kada ki dogara da cewa wankewa za ta fitar da ita. Kin manta daren da muka kwana a asibiti da yaran gidan Yaya? Ni ban manta ba.

A gabana kika tashi. Kin ga ina yanka kuɓewa ƙanana, in baza a tabarma har sai ta yi ƙaras idan na karya. Zogale da yakuwa a inuwa nake shanya su, rana tana cinye korensu. Kauɗar tumatir kuwa sai hunturu, lokacin da iska ta bushe. Wake ya sha rana sosai, a cika jarka har wuya, a rufe ruf, ƙwaron da bai sami iska ba mutuwa zai yi. Irin shuka ina cakuɗa shi da toka. Kin taɓa ce mini wannan aikin mutanen da ne. To, da shi na riƙe ku bakwai, ba wanda ya ci magani a tuwona.

Na san asara kike gudu, guminki ne. Duk da haka wanda kika fesa wa ki haƙa rami ki binne, ko kaji kada ki ba. Yayanki zai kawo miki wake kwano biyu da kuɓewar da na daka. Ki ba shi irin yakuwarki ya taho mini da shi, tawa ta ƙi bana.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki